Ita Kaɗai Ta Rage Mini

Masu yi mini addu'a a ƙasan shafi da masu zagina, duk na gaishe ku. Wata baiwar Allah ta rubuto wai, "Shiraz, ke dai kin fiye son jiki, saboda yawon shan iska za ki sa tsohuwa kuka?" 'Yar'uwa, ban ji haushi ba. Ki dai rage zagin ki ajiye, abin da zan faɗa yau ya fi wancan muni, kada ya ƙare miki tun yanzu.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, sunana Shiraz, shekarata ashirin da shida, 'yar Safakis ce ni, can kudu da Tunis, unguwar Sidi Mansur, gidanmu ne na uku daga bakin teku. Na yi karatun jinya na gama, takardar tana cikin leda a ƙarƙashin katifa, ni kuma ina wani gidan yin alawar biki ina murza lauz, wato almond mai kama da gyaɗa, daga safe har la'asar. Saura mako uku da 'yan kwanaki a ɗaura mini aure da Ziyed. Babana ya rasu tun ina ƙarama. Gidan daga ni sai Ommi, wato mahaifiyata, sai ɗakin yayana Nizar da ake sharewa kullum ba mai kwana a ciki.

Shekara biyar ke nan da Nizar ya shiga kwalekwale shi da samarin unguwa goma sha bakwai, za su tsallaka Italiya. Ba a ji sun isa ba, ba a tsinci gawar ko ɗaya ba. Tun ranar Ommi ta rufe tagar falonmu mai kallon ruwa, ta jawo kabad ta tokare. Kifi bai sake shiga gidanmu ba. A Safakis fa, jama'a, gidan da ba a dafa kifi! Amma kada ku ɗauka makoki take yi. A wurin Ommi, Nizar yana raye, yana wani kurkuku a Italiya sun ƙwace masa waya. Wata maƙwabciyarmu ta yi suɓutar baki a shekarar farko ta ce Allah ya jiƙansa, Ommi ta raka ta har ƙofar gida da tsintsiya. Na taɓa yin ƙarfin hali na ce, "Ommi, in yana raye, me kifi ya yi miki?" Ta ce ƙarninsa ne ba ta so. Matar da ta shekara talatin tana gyara shi da hannunta.

To a irin wannan gida Ziyed ya shigo da maganar jirgin ruwa.

Ranar da ya fara nuna mini a wayarsa, wallahi sai da na manta ina numfashi. Jirgi ne fari tas, hawa goma sha huɗu, ya fi layinmu tsawo. Akwai wurin wanka a can sama, akwai gidan abinci har shida, kin ga dama ki ci sau goma ba mai hararar ki. Ɗaki da 'yar baranda, labule mai ruwan zuma, gadon an ja zanen ya miƙe ba ko lanƙwasa ɗaya. Amma ba wannan ne ya kashe ni ba. Abin da ya kashe ni shi ne, ki kwanta a Malta ki tashi a Girka. Ki sha shayin safe kina kallon Italiya, jibi Faransa ce a tagarki, gata Sifaniya. Ƙasa biyar cikin kwana goma sha ɗaya, akwatinki yana wuri ɗaya, ba ki ɗaure ba ba ki kwance ba, ƙasashen ne ke zuwa su same ki. Ni da iyakar tafiyata Tunis, shi ma makaranta ce ta kai mu.

"Wannan ne amarcinmu," in ji Ziyed. "Daga tashar jirgin ruwa ta Halƙul Wadi za mu shiga, a nan zai dawo da mu."

"Kai dai bari zolaya."

"Na riga na biya, Lalla Shiraz. Ki fara koyon tafiya da dogon takalmi."

Tun daga ranar, hoton bidiyon nan na kalle shi ya fi sau ɗari. Ina murza lauz ina kallo, har uwar ɗakinmu ta ce in ban ajiye wayar ba za ta jefa ta cikin tukunyar sukari. Na sayi doguwar riga mai ruwan bula da farin ɗankwali mai santsi saboda hoton da zan yi a baranda. Na sayi tabarau. Ni Shiraz da tabarau!

Ommi kuwa da ta ji, ko kallon wayar ba ta yi ba. "Ruwa ya ci rabonsa a gidan nan," ta ce, ta tashi ta shige ɗaki. Mako biyu muna haka. Sai da ƙanwarta Halti Munjiya ta zo daga Bab Bahar da jakarta mai kama da buhu, ta zauna ta cire takalmi ta fara.

"Hadiya, ke fa matsalarki ba kya sauraro. Wannan ba kwalekwalen 'yan tsallake ba ne. Unguwa ce guda aka ɗora a kan ruwa. Har likita gare su."

"Ruwan dai ɗaya ne."

"To sai me? Yarinya ta shekara biyar tana zaune da ke a duhu kamar tsohuwar gwauruwa. Ba ta zuwa biki, ba ta zuwa bakin ruwa, ƙawayenta duk sun haihu. Yaro ya zo da mutuncinsa zai kai ta ta ga duniya ya dawo miki da ita, ke kuma kin ɗaure fuska kamar an ce ki ba da ƙoda. Kwana goma sha ɗaya fa! Ni zan zo in kwana da ke, in dai ba za ki dame ni da minshari ba."

"Ke ce mai minshari."

"Ai kin ji, ta fara magana."

Da yammar ranar ina yi wa Ommi allurar ciwon suga, don ni nake yi mata safe da yamma, sai ta kama hannuna. "Kina son tafiyar nan?" Na ce ina so, Ommi. Ta ce, "Sosai?" Na ce sosai. Sannan ta ce, "Je ki. Amma ranar da aka ce jirgi zai dawo, ƙafarki ta taka gidan nan." Na rantse mata. Ku riƙe wannan, na rantse mata da bakina.

Litinin da ta wuce muka je ofishin masu shirya tafiyar, wurin Si Munsif, wani mai tumbi da ke tauna tsinken sakace kullum. Ya baje takardunmu na neman biza a tebur. Na Ziyed ya jinjina kai, don shi makanike ne a kamfanin matsar zaitun, yana da takardar albashi. Da ya zo kan nawa sai ya tsuke baki.

"'Yata, fayil ɗinki ba shi da nauyi. Ba albashi a rubuce, ba gida, ba mota. Mutanen can abu ɗaya suke tambaya, me zai dawo da ita? To me zai dawo da ke?"

"Mahaifiyata, Si Munsif."

"Madalla. Sai mu rubuta musu haka." Ya juya ga na'urarsa ya yi ta ƙwanƙwasa, ya zaro takarda ya miƙo mini. "Hajja ta sa hannu a baladiyya, ofishin hukumar gari, a buga hatimi, ki haɗa da takardar likitanta. Ban ce dole su ba ki ba, amma na ga irinta ta taimaki wasu."

Na karanta a tsaye. Layi biyar ne. Cewa ita Hadiya ba ta da lafiya, cewa ni nake jinyarta, cewa ba ta da wani ɗa ko 'ya a duniya sai ni. Na ce, "Si Munsif, ina da wa." Ya ce yana ina? Na gaya masa. Ya cire tsinken daga bakinsa. "Kada ki kuskura sunansa ya shiga fayil ɗin nan. Gidan da mutum ɗaya ya tsallaka, cewa za su yi na biyun ma hanya yake nema."

Da muka fito Ziyed ya ja ni wani gidan shayi kusa da Bab Diwan. Yana sanye da farar rigarsa mai gajeren hannu wadda nake so, gefen farcensa da baƙin mai da ba ya fita ko ya wanke. Aka kawo mana shayi da lauz a ciki. Ya yi ta juya cokali, ya yi ta juyawa, har na ce lafiya?

"In za ki haɗa kaya, ki sa takardar karatunki ta ainihi, ba kwafi ba. Da rigar sanyi mai kauri."

Na yi dariya. "Rigar sanyi a watan Yuli? Ko a cikin firij ka kama mana ɗakin?"

Bai yi dariya ba. Ya matso da kujerarsa. "Shiraz, ke ba yarinya ba ce. Kwana na bakwai jirgin zai tsaya Marsiliya ta Faransa, awa tara. Kowa zai sauka yawo da 'yar jakar hannu, mu ma haka. A bakin tsani za su duba katinmu su ce a dawo lafiya. Ɗan kawuna Hatim yana jiranmu da mota. Ƙarfe shida za su kira sunanmu a lasifika sau biyu, sau uku, jirgi ya yi kuka ya tafi. Akwatunan mu bar musu sadaka."

Na kalle shi. Na ji hayaniyar titi ta yi nisa.

"Tun yaushe ka shirya wannan?"

"Tun kafin in nuna miki bidiyon."

"Ommi fa?"

"Za mu riƙa yi mata aike duk wata. In takardu suka fito sai mu zo. Shekara uku, huɗu..."

"Huɗu! Ziyed, wa zai yi mata allura?"

"Halti tana nan."

"Halti in ta ga allura rufe ido take yi! Kai ka san abin da ya faru a gidanmu, ka sani sarai, ka zauna a falonmu ka ci abincinta, ta kira ka ɗana..."

"Rage murya." Ya dafa tebur. Idonsa ya yi ja, kuma ba na fushi ba ne. "Saboda na sani ne na yi haka. Ni ban sa ki a kwalekwale ba. Babur ɗina na sayar, itatuwan zaitun ɗin da na gada na sayar, don in tsallaka da ke a kan gado, da labule, da likita a ƙasanmu. Wa ya taɓa yi wa mace haka a unguwarku? Shekara huɗu kina murza lauz da takardar jinya a ƙarƙashin katifa. Ni shekara tara ina kwance a ƙarƙashin inji, ko ɗakin haya na kirki ban iya kama miki ba. Haka za mu tsufa? Haka za mu haifi wani Nizar ɗin, ya girma ya kalli ruwa?"

"Kada ka sake kama sunansa."

"Yi haƙuri." Sannan ya ce a hankali, "Ina son ki, Allah ya sani. Amma gara in faɗa miki tun yanzu. Ko da ke ko ba ke, ni a Marsiliya zan sauka."

Yanzu ga abin da ya sa na ce ku ajiye zaginku. Ban watsa masa shayin a fuska ba. Ban tashi ba. Da ya ce asibitocin can suna neman ma'aikatan jinya ido rufe, wani abu ya yi tsalle a ƙirjina, kuma ba tsoro ba ne. Na ga kaina cikin farar riga, da sunana a maƙale a ƙirji. Na shanye shayina har na cinye lauz ɗin ƙasan kofi, ya raka ni na hau mota, takardar Si Munsif tana cikin jakata a ninke.

Kwana biyu ina yawo a gida kamar wadda ta yi sata. Ommi tana zaune a tsakar gida da keken ɗinkinta tana yi wa zannuwan gadona baki, tabarau a kan hanci, tana tambayata ko a jirgin akwai alƙibla tunda kullum juyawa yake yi. Wayata kuwa ba ta huta ba da saƙonnin Ziyed.

"Kin gaya mata zancen takardar?"

"Tukuna."

"Si Munsif ya ce Alhamis ce ranar ƙarshe."

"Na ji."

"Ba sai ta karanta ba, Shiraz. Hannu kawai za ta sa."

Kuma abin da na yi niyya ke nan, ba zan ɓoye muku ba. Ommi karatunta bai yi nisa ba, ƙananan rubutu kuma ba ta gani. Na ce mata wata takarda ce ta cewa ni nake kula da ita. Ta ce, "To ai gaskiya ce, sai an buga mata hatimi?"

Alhamis da safe ta yi wanka, ta ɗauko farin mayafinta na fita unguwa wanda ta daɗe ba ta yafa ba, ta sa takalminta mai taushi saboda ƙafarta da ke kumbura. Muka isa baladiyya wajen ƙarfe tara, muka karɓi lamba, muka zauna a benci fiye da awa ɗaya. Zafi, fanka ɗaya, wani tsoho yana faɗa da kowa a kan layi. Ommi ta ciro alawa daga jakarta ta ba ni, wai na rame.

Da aka kira mu, wata mata ce a bayan gilashi, mai jan baki da siririn tabarau. Ta karɓi katin Ommi, ta duba takardar, ta ɗago.

"Hajja, kin san abin da ke ciki?"

Na yi caraf na ce, "Ta sani."

"Ba ke na tambaya ba, 'yan mata. Hajja, kin karanta?"

"Idona ba ya gani, 'yata."

"To sai na karanta miki. Ba na buga hatimi a kan abin da mutum bai ji ba."

Ta fara karantawa da irin muryar mutanen ofis, ba hawa ba sauka. Ni Hadiya, mai kati lamba kaza, ina fama da ciwon suga. Ommi tana gyaɗa kai. 'Yata Shiraz ce take jinyata. Tana gyaɗa kai. Ba ni da wani ɗa ko 'ya a duniya sai ita.

Kan Ommi ya tsaya.

"Maimaita wurin nan."

Matar ta maimaita. Na kasa kallon kowa, sai na kafa wa biron da aka ɗaure da zare ido.

"Kina da wasu 'ya'yan ne, Hajja? In akwai, sai ku je a gyara takardar. Ni ba ruwana, hatimi ne nawa."

Ommi ta juyo gare ni. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. "In aka rubuta Nizar, za su ba ki?"

"Si Munsif ya ce... ya ce in suka ga wani ya tsallaka a gidan, za su ce ni ma abin da zan yi ke nan."

"Ke kuma ba haka za ki yi ba."

Ba tambaya ta yi ba. Faɗa ta yi kamar yadda za ta ce yau Alhamis. A nan ne ya kamata in ce Ommi taso mu tafi. Kalma huɗu ce. Bakina ya buɗe, abin da ya fito shi ne, "A'a, Ommi."

Tsohon nan na bayanmu ya fara mita wai mun shanya mutane. Ommi ba ta ji shi ba. Ta dafa katakon gaban gilashin da hannu biyu. Sannan ta ce wa matar, "Daidai ne abin da aka rubuta. Ita kaɗai ta rage mini. Ba ni biron."

Ta zana sunanta a hankali, harafi bayan harafi, yadda Nizar ya koya mata. Matar ta buga hatimi sau biyu, ta manna kan sarki, ta turo mini takardar ta ƙasan gilashi ta kira lamba ta gaba.

A waje na tsayar da tasi, Ommi ta ce in sallame shi, tana so ta ɗan taka. Muka yi tafiya har muka wuce kasuwar kayan miya. Ba ta yi kuka ba. Ni ce hawaye ke zubo wa, ita ce ma ta miƙo mini gefen mayafinta.

"Share fuskarki, amarya ba ta kuka a titi." Ta tsaya a inuwar wani shago tana mai da numfashi. "In mun je gida ki kira Munjiya. Ki shiga maƙwabta ki gaya musu ƙofa a buɗe take, mai son yin gaisuwa ya zo. A gaya wa liman ya yi wa Nizar salla gobe bayan Juma'a. Tunda na faɗa a gaban hukuma, ba zan koma gida in faɗi wani abu daban ba."

"Ommi, takarda ce kawai, ba sai..."

"Na daɗe da sani, Shiraz. Faɗar ce ban iya ba." Ta gyara mayafinta. "Kwana uku za mu zauna. Bikinki yana nan yadda aka sa, ba zan ɗaga ko kwana ɗaya ba. Yaushe ne jirgin zai tashi?"

Na gaya mata. Ta fara lissafi da gaɓoɓin yatsunta, daga yau, tana motsa baki. Ta kai ƙarshe, ta sake farawa don ta tabbatar. Sai na ga fuskarta ta ɗan saki, abin da na shekara biyar ban gani ba.

"Kin ga ikon Allah? Za ki dawo saura kwana biyu arba'in ɗinsa. Ke za ki yi kuskus ɗin sadakar, hannuna ba zai iya murza na mutum ɗari ba. Ziyed ya tsaya a ƙofa ya karɓi maza, tunda yanzu shi ne namijin gidan." Ta kalle ni. "Jirgin ba ya makara ko?"

"Ba ya makara, Ommi."

Wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Na ciro. Ziyed ne: "Ta sa hannu?"

Na rubuta masa, "Ta sa." Sannan na kama hannun Ommi muka tsallaka titi, tana lissafa mini mutanen da za mu gayyata.